Sabulu ya shafa wa tankina

Barka da aiki, mai gabatarwa. Ni malamar firamare ce a Samaru. Makon jiya warin fetur ya cika motata, har 'yata ta yi amai a hanyar coci. Na kai wa wani makanike a Sabon Gari, ya shiga ƙarƙashi, ya fito ya ce, "Madam, an gama." Wari bai tafi ba.

Da na je wurin wani a Hanwa, sai ya ce, "Malama, zo ki gani." Ashe na farkon sabulun wanki ya shafa wa tanki, alhali tiyon mai ne ya tsage, yana ɗiga kusa da salansa mai zafi! An canza tiyo, wari ya ɗauke.

Tir da wannan hali! Jama'a, me zan yi wa mutumin da ya kusa ƙona ni da 'yata?