Zakaran Neman Auren Nachisale

Ranar Talata ce, ana yayyafi a tashar Dedza. Ina fake a rumfa sai mai sayar da dankali ta dubi wani mutum rungume da zakara.

"Baba, nawa zakaran?"

"Ba na sayarwa ba ne, Mama. Birni zan kai shi, fadar Shugaban Ƙasa. Auren Nachisale nake nema."

"Nachisale mai tarbar baƙin ƙasa? Kai ɗin?"

"Ajinmu ɗaya a firamare. Mun yi alkawari tun kafin matar Shugaba ta rasu a ɗauko Nachisale zuwa fada. Kin sani, ba aure sai kawu ya karɓi zakara. Kawunta kuwa Shugaba ne."

"Ka taɓa ganinsa?"

"Masu gadi ke karɓa, su ce in dawo baɗi. Amma ita na hango ta ta shinge! Baƙo ɗari uku, kowa ta kira sunansa ba takarda. Ta durƙusa tana zuba wa wani sarkin Turawa ruwan wanke hannu, na rantse shi ma sai ya durƙusa."

"Ikon Allah! To mai wannan baiwa ta kasa gaya wa kawunta kana ƙofa?"

Ya daɗe yana shafa wuyan zakaran.

"In ta fito, wa zai tsaya a gefensa?"

"Ita ta faɗa maka, ko kai ka faɗa wa kanka?"

Motar birni ta cika ta tashi, bai miƙe ba.

"Shekara tara," ya ce. "Zakara takwas, ɗaki biyu da na gina mata gara ta cinye, da tsohuwata da ta mutu ba ta ga jika ba."