Cizon 'Yar Kyanwa

A ɗakin jiran likitan dabbobi, wata dattijuwa riƙe da kyanwarta ta kalli mutumin gefenta: kwando a cinya, yatsu duk filasta.

"Ɗana, kura kake kiwo?"

"'Yar kyanwa ce, Mama. Ba ta san wani wasa ba sai cizo."

"Da hannu kake mata wasa, ko? Ɗaura tsumma a igiya ka riƙa ja mata. In ta cije ka, kada ka fizge, tashi ka bar mata ɗakin."

"Na gwada. Yanzu ita ke da gado, ni ina falo."

"To me ya kawo ku wurin likita?"

Ya yi ƙasa da murya.

"Jiya na rama. A kunne."

Dattijuwar ta rungume kyanwarta, ta matsa can ƙarshen benci.