Kifin da Ke Cikin Dutse

A tashar Bodinga, motar Shagari tana jiran cika. Wani manomin albasa yana ta jujjuya dutse a hannu, sai malamar makarantar da ke gefensa ta leƙo.

"Malam, ina kas samo wanga?"

"Rijiya munka gina a Mandera, can ƙasa munka iske shi. Duba, kifi ne sak cikin dutsi, har da ƙaya."

"Ba abin tsoro ba ne. Da can duk ƙasar ga teku ce. Masu bincike sun ce cikin ruwa halittu sunka fara, sannu a hankali wasu sunka hau tudu."

"Allah ne Mahalicci, Malama. Amma kakata ma kusan haka take cewa. Wai wata mace ce ƙarƙashin ƙasa, ita ta haifi ruwa da abin da ke cikinai. Waɗanda sunka hau tudu ta sallama su. Waɗanda sunka tsaya, kullum sai ta ƙirga abinta."

"Tatsuniya ce."

"Na sani. Sai dai tun da na kai shi gida ruwan randarmu ya koma gishiri. Matata ga ta da ciki, ta ce tana jin wata murya na ƙirga a bakin randa. Shi ya sa zan mayar da shi rijiyar."

Malama ta matso kusa da shi.

"In ta kai ƙarshe, sai ta sake daga farko?"

"Wa ya faɗa miki?"

Ta ɗago jakarta daga ƙasa. Gindin jakar ya jiƙe sharkaf, yana ɗiga.

"Malam, rijiyar taku, in mun isa ka nuna min. Ni ma nawa dutsen zan mayar."