Cikin da Aka Ce Ya Kwanta

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, sannu da aiki.

Ni ne Sabo Mai Tumatir daga Tiga. Ko fartanya ban gada ba. Da gumina na sayi fadama da injin ban-ruwa, na gina gida, ban taɓa roƙon kowa ba. Abu ɗaya ne ya gagare ni.

Matata Habiba ta yi ɓari, aka yi mata wankin ciki, sai al'adarta ta ɗauke. Gwaggona ta ce, "Sabo, ciki ne ya kwanta, zai tashi." Shekara huɗu muna jira, Habiba tana shan jiƙe-jiƙe, ni kuwa na ce sirrin gidana ba zai je asibiti ba.

Da na sauko muka je Kano, likita ta ce babu ciki, tabon wankin ne ya manne mahaifar. Aka yi mata aiki, aka ɗora ta a kan magani. Yau 'yarmu tana rarrafe.

Magidanta, kada ku yi irin jirana. Malama, ki faɗi sunana, kada ki sakaya: Sabo Mai Tumatir ne ya cinye wa matarsa shekara huɗu.