Sunan da Na Bari a Kotu

Mai girma shugaban wannan taro, Dokta Nathan Elias. Uwar taro, Hajiya Amatullah, wadda ta koya wa rabin mutanen ɗakin nan yadda ake riƙe allura ba tare da hannu ya yi rawa ba. Iyayenmu masu unguwanni na Sarkin Dawaki da Kachalla Sembe da Kona. Malamanmu na masallaci da na coci. 'Yan'uwana ma'aikatan jinya da ungozomomi, tsofaffin hannu da sababbin shiga. Jama'ar Jalingo maza da mata, assalamu alaikum warahmatullah. Salamar Allah ta tabbata a gare ku baki ɗaya.

Ina gode wa Allah da Ya tara mu lafiya. Ina gode wa ƙungiyarmu da ta ga ya dace ungozoma daga ƙaramin asibitin haihuwa ta tsaya gaban manya ta yi magana. Na san ba don iya zance aka zaɓe ni ba. An zaɓe ni ne don na yi shekara uku ina bin hanyar neman aiki a ƙasar Turawa, na faɗi, na tashi, har ga shi saura mako uku in hau jirgi. Aka ce in zo in faɗa wa masu niyya yadda hanyar take, da abin da take ci. Zan faɗa, amma ku sani tun yanzu cewa mafi tsadar abin da na biya ba a banki na biya shi ba. Yana nan unguwar Sarkin Dawaki, tsoho ne mai shekara tamanin da 'yan kai, sunansa Manga. Yayan mahaifina ne, shi ya rene ni, Bappa nake ce masa. Tafiyar nan tsakanina da shi take, kuma zan iso kansa.

Abu na farko, jarrabawar Turanci. Mu da muka yi shekaru muna rubuta rahoton marasa lafiya da Turanci, mun ɗauka mun iya. To, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Za a sa maka abin saurare a kunne, wani Bature ya yi magana kamar yana tauna gyaɗa, a ce ka rubuta abin da ya faɗa. Za a ba ka takarda a ce ka yi bayani cikin mintoci ƙidayayyu. Ba a yin ta a Jalingo, sai ka yi doguwar tafiya, ka biya mota, ka biya masauki, ka biya kuɗin jarrabawar da kullum yake hawa tare da dala. Sau biyu na faɗi, duk a ɓangaren rubutu. Na biyun, na dawo ban iya kallon idon kowa a wurin aiki ba. Na uku na ci. Kuma ku riƙe wannan: sakamakon yana da wa'adi, in ya wuce ba ka gama sauran matakan ba, sai ka koma layi kamar ba ka taɓa zuwa ba.

Abu na biyu, jarrabawar sana'a, wadda ake yi a kwamfuta. Ita ba ta ba ni wahala ba, don aikinmu ne, Hajiya ta riga ta dafa mu. Sai dai in ce wa ƙannenmu, ku koyi amsa yadda littafinsu ya ce, ba yadda muke dabara in safar hannu ta ƙare ba.

Abu na uku, neman asibitin da zai ɗauke ka, a nan kuma kuraye suke. Akwai dillalai masu daɗin baki, masu ofis a cikin waya, da za su ce ka kawo kaza su kawo maka takardar aiki cikin wata guda. Na san wadda ta sayar da filinta a hanyar Kona ta ba wani, yau shekara biyu lambarsa a kashe. Asibitin gaskiya da kansa yake ganawa da kai, ya yi maka tambayoyi ta bidiyo, ya aiko takarda mai sunanka da albashinka. Ni ranar tawa ganawar sai da na hau benen wata maƙwabciya don neman sabis, ina amsa tambaya kan jinin haihuwa, zakaranta yana cara a bayana. Baturiyar da ke yi mini tambayoyin ta yi dariya, ni ma na yi, aka ɗauke ni. Bayan nan akwai hoton ƙirji, akwai takardar shaidar 'yan sanda, akwai biza, akwai tikiti. Ba zan faɗi adadi ba, domin abin da na biya bara ba shi za ku biya bana ba, dokokinsu ma suna canjawa. Abin da zan ce kawai, adashena na shekara biyu ya tafi, kuma Bappa ya sayar da bijimai biyu daga cikin 'yan shanun da suka rage masa.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na yarda in tsaya a nan, wato tantance takardu. Kafin su yarda kai ne kai, sai sun jera takardunka duka, ta haihuwa, ta firamare, ta sakandare, ta makarantar jinya, lasisin aiki, katin ɗan ƙasa da fasfo, su ga bakinsu ya zo ɗaya. A wurinsu mutum sunan uba ɗaya yake da shi. Mu kuwa kun san yadda muke.

Ni 'yar fari ce. A gidanmu, kamar gidajen Fulani da yawa, ɗan fari ba ya zama a hannun wanda ya haife shi, kunya ba ta bari. Mahaifina, marigayi Njidda, har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce “waccan”. Ana yaye ni aka kai ni wurin Bappa Manga. Shi ya goya ni a kafaɗa, shi ya kai ni asibiti da ƙyanda ta kama ni, shi ya riƙe hannuna ranar shiga firamare. Hedimasta ya tambaye shi, “'Yar wa ce?” Ya ce, “'Yata ce.” Aka rubuta Fanta Manga. Da wannan suna na gama firamare, da shi na gama sakandare, da shi na zama ungozoma, da shi matan Kachalla Sembe suke kirana in naƙuda ta tashi.

Shekaru bayan haka aka zo yin katin ɗan ƙasa. Na bi layi, na zauna gaban mai kwamfuta, ya ce, “Sunan baba wanda ya haife ki?” Na ce Njidda. Gaskiya na faɗa, kamar yadda Bappa ya faɗi gaskiya a gaban hedimasta. Kati ya fito da Fanta Njidda, fasfo ya bi kati. Ban taɓa ɗaukar abin da muhimmanci ba, don a garin nan wa zai tsayar da kai a kan wannan? Kowa ya san ɗan riƙo, kowa ya san gidansu.

Sai ga saƙo daga can, an dakatar da takarduna, wai mutum biyu suke gani. Abokiyar aikina Rose, wadda muka yi shekara tara muna karɓar haihuwa tare, ta karanta ta ce, “Fanta, wannan takarda ba zai wuce ba fa. Ki zaɓi baba ɗaya.” Ta faɗa da wasa, amma ni ban yi dariya ba.

Na bincika, hanya biyu ce. Ko in nemi a gyara kati da fasfo su koma Manga, abin da aka ce mini zai ɗauki watanni, alhali asibitin ya ba ni mako shida, sakamakon Turancina kuma ya kusa cika wa'adi. Ko kuma in je kotu in yi rantsuwa, in buga a jarida cewa ni da aka sani da Fanta Manga, daga yau Fanta Njidda ce, kowa ya shaida. Ta biyun kwana uku take ci. Ga lauya, aikin minti goma ne. Ni kuwa na yi kwana goma sha biyu ina yawo da takardar rantsuwar a jaka. Yaya zan cire sunan mutumin da ya sayar da shanunsa don in tafi, in kuma biya jarida ta sanar wa duniya na cire? Ina jin kunya, ina jin tsoro, kuma ina jin haushin kaina da ban gyara abin nan tun ina da lokaci ba.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci na same shi a zaure yana gyara igiyar ɗaure maraƙi. Na durƙusa na faɗa masa komai, kaina a ƙasa. Ya ci gaba da murza igiyarsa. Can ya ce, “Njidda ƙanena ne. Sunansa da nawa daga ciki ɗaya suka fito. Je ki ki cire, ni ba a takarda na rene ki ba.” Ya ƙara da cewa, “Mu ma mun bi ciyawa har Kamaru, ba wanda ya ce mun yi laifi. Inda abinci yake nan ake zuwa.”

Na ji sanyi a raina, na fara godiya, ina shirin tashi. Sai ya ajiye igiyar ya ce, “Tambaya ɗaya. In sun ga ba sunana a jikin naki, ranar da na kwanta za su bar ki ki zo?”

Jama'a, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Shekara uku ina lissafin jarrabawa da biza da tikiti, ban taɓa yi wa kaina wannan tambayar ba. Na koma gida na buɗe takardar yarjejeniyar aiki. Akwai hutun rasuwa, an rubuta uba, uwa, miji, ɗa. Na rubuta wa matar da ke kula da ɗaukar ma'aikata na yi mata bayanin riƙo iyakar Turancina. Ta amsa cikin ladabi, ta ce ta fahimta, amma ɗan'uwan uba ba ya cikin jerin, sai dai in nema daga hutuna na shekara in jadawalin aiki ya ba da dama. Ban ga laifinta ba, dokarsu ke nan. Kuma ko da sun bar ni, mu ba ma ajiye gawa. Kafin in sauka Abuja in kamo hanyar Jalingo, an daɗe da dawowa daga maƙabarta.

Na koma na faɗa masa gaskiya, ban rage komai ba. Na ce, “Bappa, in ka ce in zauna, na zauna.” Ya harare ni ya ce, “Bijimaina biyu na sayar don ki zauna? Tashi ki ba ni wuri.” Da na kai bakin ƙofa na waiwaya, na ga ya juya fuskarsa bango.

Ranar Alhamis da ta wuce na yi rantsuwar, jarida ta buga, takarduna sun wuce.

Saboda haka, ƙannena masu niyyar tafiya, ban zo in hana ku ba, ban kuma zo in tura ku ba. Na san abin da ke korar mu: albashin da ba ya kai ƙarshen wata, aikin mutum uku a kan mutum ɗaya, yaran da muke so su yi karatun da ya fi namu. Ni ma shi ya kore ni. Amma yau, kafin ku biya ko sisi, ku koma gida ku zazzage takardunku a kan tabarma, ku duba suna, ku duba ranar haihuwa, ku gyara tun wa'adi bai hau kanku ba. Iyaye masu riƙo, ku ci gaba da riƙo, al'ada ce mai kyau, ita ta yi ni. Amma ranar sa yaro a makaranta ku zauna ku yanke sunan da zai ɗauka, ku tsaya a kai. Sannan kowa ya dubi tsofaffin gidansu ya yi wa kansa tambayar da Bappa ya yi mini, tun bai sayi tikiti ba. In ya amsa ta ya ga zai iya, Allah Ya kiyaye hanya.

Ni na ga zan tafi, amma ba zan iya ni kaɗai ba, don haka ina da roƙo a gaban wannan taro. Bappa yana da hawan jini, kuma ba ya shan magani sai an tsaya a kansa. Rose ta ɗauki alkawarin leƙa shi duk Asabar. Ina roƙon duk wanda hanya ta biyo da shi Sarkin Dawaki da abin awo a jaka, ya tsaya ya gaishe shi, ya auna shi, ya jure faɗansa. In kuma ranar ta zo ina can, 'yan'uwana mata, Musulminku da Kiristanku, ina roƙonku ku je gidan ku zauna a tabarmar da ya kamata in zauna. Duk wanda ya shigo gaisuwa ya tambaya ina 'yarsa, kada ku ce ta yi tafiya. Ku ce ga mu.

Allah Ya ja kwanan iyayenmu, Ya ba su lafiya, Ya sa mu rabu da su suna masu yarda da mu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah Ya tsare masu tafiya, Ya ƙarfafa masu zama, Ya gyara mana ƙasarmu har ya zama ba sai an bar tsoho a zaure ba kafin a ci abinci. Allah Ya albarkaci hannuwanku da ke karɓar jarirai, Ya zaunar da Jalingo da jihar Taraba lafiya, Ya mai da kowa gidansa cikin aminci.

Na gode.