Asibitin Kukar Malle

A tashar motar Guri da ke Haɗeja, wata ma'aikaciyar jinya da wani dattijo suna jiran mota ta cika.

"Baba, mutanen ƙauye sai haƙuri," in ji ta. "Watana uku a sabon asibiti, ko mutum ɗaya bai zo ba."

"Mu kuwa asibitin muke nema. Makon jiya a kan hanya surukata ta haihu."

"Subhanallahi! Wane gari?"

"Kukar Malle."

"Ai can nake aiki!"

"A'a, 'yata, garinmu babu asibiti. Ni ne limamin garin."

"Mai shuɗin fenti fa, kusa da masallaci. Kullum a kwalekwale nake shiga."

Dattijon ya gyara zama, ya dube ta.

"To, kufai kike zuwa. Shekara biyu ke nan da hukuma ta ce mu koma kan tudu saboda ambaliya."

"To wa ya yi gini a can?"

"Hukuma mana."

"Wadda ta tashe ku?"

"Wataƙila ofishin ne daban."

"Ni na ɗauka da asuba kuke watsewa gona. Har rahoto na rubuta wa manyanmu cewa ba kwa son asibiti."

"Me suka ce?"

"Wai za a turo masu wayar da kai, da lasifika."

"A bar lasifikar. Gobe ki zo zaurena da jakar maganinki, akwai masu ciki uku."

"Amma takardar aikina Kukar Malle ta ce, Baba."

"To ai mu ne Kukar Mallen."