Man da Ke Ƙonewa a Hanyar Ruwan Godiya

A tashar Faskari, wani matashin direba yana ta mita a gaban a-kori-kurarsa, wani dattijo mai jiran mota yana kallonsa daga kan benci.

"Motar nan za ta kashe ni, Baba! Shan mai take kamar ruwa."

"Ka duba iskar tayoyin?"

"Jiya na ƙara."

"Fulogi fa?"

"Sababbi fil. Har kashe ta nake yi a gangara."

"Bar wannan, kar birki ya ƙi kana ɗauke da masarar mutane. Shekara talatin na yi ina tuƙi. Ina kake kai kaya?"

"Mairuwa."

"Mairuwar nan? Ai ko jaki ya kai."

"To... ta Ruwan Godiya nake zagayawa."

"Kullum? Mi ka ajiye can?"

"Akwai wata mai fura a bakin kasuwa, Suwaibatu. Wallahi furarta daban ce."

"Kai mashayin fura ne ke nan."

"Ina! Nono ɓata mini ciki yake. Saye nake in ba fasinja."

Dattijon ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Motarka lafiyarta ƙalau. Ashe kai ne direban da wata huɗu yake sayen fura, ya kasa cewa komai. A gida an gaji da labarinka."

"A gida, Baba?"

"Ni na haife ta. Ita ma ta gaji da dama furar da ba ka sha. Turo manyanka ran Juma'a. In furar ta dawo gidanka, lita goma sai ta kai ka sati."